Shaidar da Ba a Kira Ba

Ubana ruwa ya biyo, ba tuta ba.
Tabki ya ja baya, shi ya matsa gaba,
daga Baga, da koma a kafaɗa,
har ya kafa bukka a Darak,
inda ƙafarsa ta daina nutsewa.

Nan aka binne cibiyata.
Nan na koyi hura wutar banda,
hayaƙin tarwaɗa ya kama zanena,
ko sabulun salo ya kasa fitarwa.

Wata la'asar, rediyon Cindo mai facin kwalekwale
ta ce an yanke mana hukunci a ƙasar Holan.
Na ce, mu da wa muka yi faɗa?
Ya ce, ba ku ba, Ige, ƙasa da ƙasa ne.
Alƙalai sun buɗe takardun da suka girmi ubanki,
na Turawan da suka ja layi bisa ruwa.
Ruwan ya tafi,
layin ya ƙi tafiya.

Ko a rikicin akuya, a zauren Bulama Kyari,
sai an kira wanda ya ga haihuwarta.
An yi shari'ar gari guda da makabartarsa,
ba a aiko mana ko yaro ba
ya ce, ku fa, ina kuke son zama?

Ba zan yi ƙarya ba:
ran da aka sauke tuta aka ɗaga wata,
ban ji ƙarar bindiga ba.
Sojoji suka naɗe tabarminsu,
wani ma ya biya ni bashin karfasa.
Ɗana yana raye. Na san abin da yaƙi ke ci.
In takarda ce ta tare harsashi,
Allah ya yi wa takarda albarka.

Amma an sayar da gida da kajinsa a ciki.

Yanzu naira a haɓar zane ta dama,
sefa a ta hagu,
jandarma yana tambayar katin shaida
da harshen da jikata Talatuwa ke fassara mini.
Ya ce, 'yar ina ce ke?
Na nuna masa tudun da aka rufe ubana.
Ya ce fom ɗinsa ba shi da gurbin wannan.

Wasu sun loda jirgi sun koma yamma.
Cindo ya tafi, ya bar mini gwangwanin kwalta.
Ni na zauna. Wannan ne kaɗai zaɓin da na yi da kaina,
ba a rubuta shi a ko'ina ba.

Bana ruwa ya dawo kaɗan,
ya shanye gonar wake, ya lashi gindin turken iyaka.
Na ga giwan ruwa ya ratsa ta gefensa
bai tsaya gaisuwa ba.
Na kama shi a Kamaru, ina tsammani,
ko kuwa wutsiyarsa tana Najeriya.
Na dai gasa.