Amanar Ladidi

Ladidi ta tafi bautar ƙasa,
ta bar min amana a akwatin gilas:
ƙafa takwas, gashi kamar ɗan tsakon da ya yi birgima a toka.
Ta ce, "Baba, sunanta Ta-Dutse.
Kada ka taɓa ta, kada ka yi mata tsawa.
Ruwa a murfin kwalba, gyare biyu ran Talata."

Ni da na yi shekara talatin ina gyaran kan jirgin ƙasa,
ni da silifas ɗina ya ƙarar da dangin tautau
tun muna Gangare har muka hau Dogon Dutse,
yau ni ke kiwon abincin tautau.

Gyaren suna tsohon bokitin fenti a bayan ƙofa,
kwalin ƙwai hawa-hawa kamar gidan haya.
Duk Asabar ina Farin Gada
ina tsintar ganyen kabeji da guntun karas.
Mama Nanret ta ce, "Zomo ka saya?"
Na ce, "Kusan haka."
Ta ƙara min gyara.

Dare na yi su ɗauki kuka,
ɗaki ya koma bakin rafi.
Tun rasuwar uwar Ladidi
gidan nan bai yi surutu haka ba.
Har na fara gane su: ga mai karyayyiyar ƙafa,
ga sarkin ci da ke kwana kan karas.
Ran Talata nakan zura hannu ina kau da kai,
wanda ya faɗo, shi ne.
Mahauci ba ya raɗa wa rago suna.

Ita kuwa ba ta san godiya ba.
Tana bakin raminta kamar mai bin bashi,
kwana uku ko ƙafa ba ta ɗaga ba,
sannan wuf!
Kafin ka ce kwabo gyare ya zama labari.

Sanyin Jos ba ya tambayar asalin baƙo.
Wani dare a Agusta aka ɗauke wuta,
ruwa kamar da bakin ƙwarya.
Na cika gora da ruwan ɗumi, na naɗe da hular sanyina,
na jingina da gilas,
na kwana kai a buɗe.

Da asuba na same ta rigingine,
ƙafafu takwas na duban rufi.
Na yi salati.
Na ɗauki waya, na ajiye.
Rai ɗaya aka ba ni ajiya, ɗaya tak.
Har na nemo gwangwanin madara da cokalin tono
sai idona ya kai kan takardar da ta manna a bango,
layin ƙarshe, da jan biro:
"In ta kwanta da baya, Baba, ƙyale ta."

Na ƙyale ta. Na jawo kujera.
Shayi ya huce, rana ta leƙo ta koma,
ana kiran azahar a gindin dutse
sai ga ta tana zare ƙafa ɗaya bayan ɗaya
kamar tsohuwa na cire safa,
ta fito daga cikin kanta, jiƙe, lagwai-lagwai,
ta bar tsohuwar rigar kwance da siffarta,
har gashin, har haƙoran.

Tautau biyu a akwati,
ɗaya babu kowa a ciki.

Na daɗe ina kallon fankon.
A ƙuryar ɗaki akwai zannuwa ninke shekara huɗu,
har yau ban buɗe sif ɗin ba.
Ban ce yau zan buɗe ba.
Na dai goge gwangwanin da na tanada don kabari,
na rubuta kwanan wata a murfi,
a nan zan ajiye wa yarinya fatar.

Ta kira bayan magariba: "Baba, ya amanata?"
Na ce, "Ta yi sabon ɗinki."

Takarda ta ce bayan saɓa sai an yi sati ba ci,
Talatar nan ke nan babu mai faɗowa.
Na yanka musu karas ɗin gaba ɗaya,
har mai karyayyiyar ƙafa ya samu.