Layi Guda a Littafin Komisariya

Takardar ta iso da hantsi, ninki huɗu,
da shuɗin tambari a gefe.
Ajidan Gwanda ya aiko ta bisa kabu-kabu.

Cima Illiyasu, unguwar Mokoyo.
An kama ta ran Laraba, shekara tara baya.
Shi ke nan layin.
Littafin komisariya ya san ƙofar shiga,
bai san wanda ya fito ba.

Na tambaye ta. Ba ta sunkuyar da kai ba.
Jarkar fetur biyu, in ji ta, na ƙanenta,
ya ajiye gefen kaskon ƙosanta ya tafi salla,
aka yi samame a hanyar Ɗan Isa,
mota ta kwashe mai kaya da mai tsaron kaya.
Kwana guda bisa siminti, da goyo a baya.
Da safe aka ce tashi ki tafi.
Ba alƙali, ba tara, ba wanda ya ce yi haƙuri.

Ni na kafa dokar nan da bakina,
bara, da aka rufe ɗan Sa'ade a ɗakin tabarmi
ya yi kuka har muryarsa ta ƙare.
Wadda ta rufe shi, takardarta fara ce tas.
Iyaye suka ce a tona kowa. Na ce to.
Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu yake.

Yara ashirin da uku gare ni a gidan renon nan,
ba ko ɗaya da na haifa.
Uwa ta miƙo ɗanta da bakwai da rabi,
ta ruga wurin aiki ba waiwaye.
Rashin waiwayen nan
da shi nake kwana.

Ina karanta layin karo na uku
sai na ji Cima ta bar benci.
Ta durƙusa gaban Lawali mai haƙori huɗu,
ta sa yatsa a kuncinsa tana yi masa wasa,
ta fiddo marfin kwalba.
Ta goge hannu a zane, ta koma ta zauna.
Ban ga sa'ad da ya ɗauka ba. Ina karatu.

Gobe da yamma iyaye za su taru.
Alhaji Ɗan Baƙo zai ce a karanto takarda,
kuma zan karanto, ba zan ɓoye ba.
Marfin kwalbar yana cikin jakata.
Shi ba tambari gare shi.