Kalma Ɗari Uku

An ce in faɗe shi a kalma ɗari uku.
Shekara huɗu ina tsugune bakin tur'a
ina tsintar katantanwa da ludayin miya
da na ɗaure a bakin gora,
yau ɗan akwatin da ke kan allo
ya ce mini: ɗari uku, kada ki wuce.

Wad Madani, ƙarfe ɗayan dare.
An ɗauke wuta tun bayan isha'i,
fanka ta tsaya cak tana kallona,
batir ya rage kashi goma sha ɗaya.
Wa'adi gobe da azahar, agogon ƙasarsu,
sai na ƙirga da yatsu nake gane shi.
Na sani, ba a fafe gora ranar tafiya,
amma ga ni da wuƙa a hannu.

Suna tambaya: mene ne sabo a aikinki?
Na rubuta, na goge.
Wa zai amfana?
Sai na tuna wandon Ɗahiru a igiyar shanya,
ɗan shekara tara,
da jan tabon da ya fi ƙarfin sabulu,
uwarsa na cewa girma ne ya zo masa da wuri.
Wannan ba ya shiga akwati.
Na sa "yawaitar tsargiya tsakanin yara 'yan makaranta".
Kalma shida. Babu wando, babu igiya.

Sai kasafi.
Man mota zuwa Sinnar da dawowa, sau ashirin.
Kwalabe, safar hannu, takalmin roba.
Farashin da na rubuta da hantsi
kafin la'asar kasuwa ta ƙaryata ni.
Na duba sama da ƙasa, babu layin da zan sa
kofin jabana da Goggo Zinatu ke miƙo mini
in na fito ruwa ƙafafuna sun yi fari,
ko Kawu Shu'aibu, wanda ya san
kwanar da ruwa ke kwanciya ya yi gansakuka
tun ban iya riƙe alƙalami ba.

Na tura, saura minti tara.
Allo ya ce an karɓa.
An karɓa daban, an ba ki daban.

Ran Juma'a na sauka Mai Wurno
da takardar bara a jaka, shafi goma sha biyu,
wadda mujallar ke sayar da karatunta
kuɗin da ya kusa sayen akuya.
An shimfiɗa tabarmi a inuwar dogon yaro.
Kawu ya ce: to, Kaltume, karanta mana.
Na buɗe. Alƙaluman suka tsaya mini a wuya
kamar ƙayar kifi.

Na rufe. Na zaro ƙoƙon katantanwa,
na ɗora a tafin hannu, bai kai ƙwayar gyaɗa ba.
Na ce: wannan ce mai masaukin.
Baƙuwar a cikinta take kwana,
rana tsaka take fitowa neman ƙafar yaro.
Ba girma ba ne. Ciwo ne, yana da magani.
Ƙoƙon ya bi hannu hannu,
wani tsoho ya kai shi kunne, aka yi dariya.
Uwar Ɗahiru ba ta yi ba.

Goggo Zinatu ta gyara mayafi,
ta dubi ruwa, ta dube ni:
"To, mu a ina za mu yi wanki?"

Shafi goma sha biyu ba su da amsa.
Na ari biro wajen wani ɗan makaranta,
na rubuta tambayar a bayan takardar,
motar Madani na ta yi mini hon.
A hanya na ƙirga: kalma takwas.
In sun hana ni bana,
da ita zan buɗe ta baɗi.