Sha Bakwai a Littafina

Sunaye sha bakwai ne a littafina,
da jan biro na rubuta su,
mazan da ƙararsu ta hau teburina fiye da sau biyu,
daga Ƙofar Marusa har Sabuwar Unguwa.

Da can mun saba: a kamo, a tsare, a yi beli,
dattijo ya ce a yi haƙuri, a shafa fatiha.
Kafin kumburin ido ya sace
an sake kawo mana ita,
leɓe a fashe, ba ta ko iya amsa gaisuwa.

Bana muka sake salo.
Wata Laraba muka tara su a ajin firamare,
ƙarti a kan bencin yara, gwiwa tana taɓa haɓa.
Ga mai unguwa, ga liman, ga malamar asibiti
wadda ta san yawan ɗinkin da ke goshin matar kowa.
Na ce: Tanimu, mun san ka. Lawandi, mun san ka.
Ba ji-ta-ji-ta ba ce, ga kwanan wata, ga katin magani.
Wanda ya ƙara ɗaga hannu, babu zaman sulhu, sai gaban alƙali.
Wanda ya ce ƙwaya ce ko zaman banza,
ga likita, ga wurin koyon walda.
Zaɓi ya rage naku, rana ko inuwa.

Yau wata shida.
Oga yana son adadi kafin azahar.
Uku suna gidan yari, biyu sun ba da takarda,
ɗaya ya tsallaka Maraɗi da dare,
sha ɗaya ko ɗuriyarsu ba mu sake ji ba.
Ya buga tebur, ya ce wannan ita ce raguwa.

Barau mai faci kam na yarda da shi.
Duk Juma'a ina bi ta rumfarsa,
ya miƙe yana goge baƙin mai a wando.
Sahura ta kafa kaskon awara a ƙofar gida,
ta yi kumatu, har tana yi masa faɗan canji a gabana,
shi kuma yana sosa ƙeya.
Wannan ba sai an yi mini rantsuwa.

Amma gidan Lawandi tela fa?
Shiru ne, irin na rijiyar da aka rufe da faranti.
Na je da rana tsaka, zafi kamar ya fasa kwalta,
Huraira ta leƙo, mayafi naɗe har kunci.
Lafiya lau, ta ce, tun ban tambaya ba.
Na ɗaga hannu don in gyara hulata,
sai ɗanta ya durƙushe, ya mai da gwiwar hannu garkuwa.

A zaure ta raɗa mini, ido a ƙasa:
Yanzu kun ce babu beli.
In na faɗa kuka tafi da shi, wa zai auno masara?
Na tsaya da sanda a hammata, bakina ya mutu.
Ashe gargaɗin da muka yi wa miji
yana iya ɗaure harshen matar.
Ruwan da ya daina motsi, ko dai ya huce,
ko an danne murfi ne a kan tafasuwa.

Takardar Oga gida biyu gare ta:
ya sake, bai sake ba.
Na ɗauki rula na ja na uku,
na rubuta a samansa: ban sani ba.
Nan na sa Lawandi, da wasu huɗu.
Adadin ya rame, rahoton ya rasa kwalliya,
na san gobe zan sha tsawa.

A yi tsawar.
Jibi in ya tafi shago zan koma da malamar asibiti,
ba kaki, ba mota, sai ledar goro,
mu zauna har mayafin ya gaji ya zame.
Ni ce mai riƙe da littafin,
Sajan Tabawa, 'yar Rahamawa.