Mai Zanen Tabo

Sana'ata ke nan, zanen tabo.
Jan-baki kaɗan, gawayi, man kaɗanya,
sai in fitar da shatin bulala a bayan yaron
da ko harara ba a taɓa yi masa ba.

Mun kama hayar wani gida a Unguwar Mu'azu, kwana uku,
za mu ɗauki kashi na tara,
inda 'yan sanda ke gano ɗan riƙo a kulle a ɗakin kaji.
Affan ne ɗan riƙon.
A mota uwarsa ta kawo shi daga Malali
da kular abincinsa da ruwan gora,
tana ta ja mini kunne kada gawayi ya shiga idonsa.

Darakta Sallau ya leƙo: "Saude, ƙara masa yunwa."
Na ƙara.
Na zurma kumatu da toka,
na busar da leɓe,
na bi wuyan sabuwar riga da reza.

Wata yarinya ke yi mana jidon ruwa.
Bokiti takwas na ƙirga kafin azahar, na daina ƙirga.
Silifas wari da wari, ɗaya an ɗaure da waya.
Matar gidan ta ce, "Barira ce, 'yar ƙanwar maigida.
Tun rasuwar uwarta take hannuna.
Ai riƙo sai haƙuri."
Muka ce Allah ya ba da lada.

Ta dire bokitin, ta tsaya a kaina
tana kallon bayan Affan
kamar mai duba ɗinkin da tela ya ɓata.
"Anti, ba haka yake ba.
Na wayar caja ba ya daɗewa da ja.
Kwana biyu sai ya yi duhu,
gefensa ya koma ruwan ɗorawa."
Ta naɗe hannun riga ta nuna mini,
yadda ake nuna ƙyalle a kasuwa
a ce irin wannan nake so.

Ga abin da na yi, ba zan ƙawata shi ba:
na kalli damtsen nan da kyau,
na ɗauko burushi,
na gyara aikina.

Sallau ya ce bai taɓa ganin tabo mai rai irin wannan ba.

Aka ce kowa ya yi shiru.
Mai ɗaukar murya ya cire abin kunnensa:
wa ke wanke-wanke a baya?
Aka daka wa Barira tsawa ta dakata.
Sufeto ya ɓalle ƙofar da kafinta ya riga ya sassauta,
ya rungumo yaro, ya rantse sai doka ta yi aikinta,
hawayen da na ɗiga masa suka sauko a kan kari.
Minti huɗu.
Ina jin hutunta ke nan na ranar,
a tsugune, kumfa na bushewa a hannunta.

Da za mu tafi na damƙa mata ɗari biyar.
Matar gidan ta karɓa, za ta ajiye mata.

Daren Asabar aka haska, muka dace da wuta a Kabala.
Kafin tallan sabulu na biyu an kama azzaluma,
kafin labarai yaro ya samu gida mai labule da keke.
Maƙwabciyata ta share ido da gefen mayafi
ta ce wallahi mutane ba su da imani.
Sunana ya wuce a ƙasa, da sauri.

Sai da na yi sati uku ina cewa gobe.
Da na je, akuya na samu a inda take wanke-wanke.
An mai da ita wurin wata gwaggo,
Rigasa ne ko Maraban Jos,
matar ba ta riƙe ba,
ta dai tambaye ni ko za mu sake kama gidan.

Babu sufeton da zan kira, namu ya mai da kakin haya.

Jibi muna da ɗauka a Kawo, wani yaron ne kuma.
Na buɗe akwati ina duba kaya:
jan yana nan, ko rabi bai yi ba.
Ruwan ɗorawan ne ya kusa ƙarewa.