Kogin da Ya Zama Ganuwa

Na kwana da littafin tarihi a Ƙofar 'Yanɗaka,
an ɗauke wuta, na jawo aci-balbal.
Can ƙarshen duniya, inda ƙasa ta tsuke kamar tsumagiya,
wani gwamna daga Sifen ya sauka da takobi.
Ya auna gonakin mutane da igiya,
ya raɗa wa garuruwa sunayen gidansu,
ya ce a tono masa zinariya.

Masu ƙasar sunansu Mapuce.
Ba su da ganuwa irin tamu,
sai kogi, sai kurmi, sai ruwan sama marar gajiya.
Suka ƙura wa doki ido har tsoronsa ya fita,
suka ƙura wa sulke har suka gano inda wuya yake.
Sansani ya ci wuta.
Gwamna bai koma gida ba.

Da safe na ba ɗalibai labari.
Lubabatu, mai zama bakin taga, ta ɗaga hannu:
"Malam, mu ta wace ƙofa aka shigo mana?"
Alli ya tsaya a yatsuna.
Na ce, "Ta wadda nake bi kullum,
gefen mai ƙosai."