Gaba Goma Sha Huɗu

A Dalijan, kusa da Gwandu, nake haƙa rijiya,
gadona ke nan: dagi ɗaya da tsohuwar igiya.
Jar ƙasa ta wuce, marmara ta wuce,
yumɓu ya bi, sai farin dutse mai gardama.
A gaba goma sha huɗu dagina ya yi ƙara
irin ta ƙwaryar da aka taka cikin duhu.

Na sunkuya. Katantanwa ce, amma ta dutse,
murɗe kamar ƙahon rago,
ta fi albasar Aliero cika hannu.
Na sa ta a guga, na girgiza igiya.
Arzika ya leƙo daga can sama,
kansa kamar ƙuda a bakin faifai:
"Manu, zinariya ce?"
Na ce, "Ja dai. Ni ma ban san sunanta ba."

Liman Mainasara ya juya ta a tafin hannu,
ya ce, "Ruwan Ɗufana ne.
Zamanin Annabi Nuhu ba tudun da bai sha ba."
Ya yi salati, ya miƙo mini abata.

Kuluwa, ɗiyar ƙanena, mai karatun duwatsu,
ta zo hutu, ta kanga mata gilashi.
Ta ce, "Baffa, nan teku ne a da.
Inda kake ɗaure jaki, kifi ya yi iyo,
shekara miliyan sittin ke nan."
Na ce, "Faɗa mini da harshen manoma."
Ta ce, "Buhun gero biyar, cike, an ɗinke baki,
kowace ƙwaya shekara guda."

Daren nan barci ya ƙi ni.
Ni na haƙa kabarin babana, iyakarsa ƙuguna,
kakansa ma bai fi nan zurfi ba.
Duk zuriyarmu, har wadda maroƙa suka manta,
ba ta cika bakin ludayi ba.
To, sauran buhunan fa?
Wa aka yi wa wannan zane mai kyau haka
tun babu idon da zai ce madalla?
Wa ya ji ƙugin tekun?
Da ya ƙafe, wa ya yi masa jaje?

Da asuba na kai wa Liman lissafin gero.
Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce,
"Mai buhun bai taɓa cewa mun ga gindinsa ba."
Na kai wa Kuluwa maganar Liman.
Ta ce, "Ni shekaru na iya aunawa, Baffa.
Dalilin ba ya hawa sikelina."

Na koma ramina.
A gaba goma sha bakwai ƙasa ta yi gumi,
ruwa ya tsattsafo ta tsakanin yatsun ƙafata.
Na ɗiba, na ɗanɗana, ina neman gishiri.
Babu. Garɗi kawai, da sanyin da ya kai haƙori.

Yanzu mata na ɗiba, awaki na sha,
da shi muke alwala.
Katantanwar kuwa tana kan buzuna,
tana danne gefe kada iska ta naɗe shi.
In na kai goshi ƙasa, ga ta dab da kunnena.
Ban san wanda ya riga wani sujada ba,
amma na san ba ni ba ne.